Yawon dare a Santambul da bas da jirgin ruwa: inda mutanenmu ke yin kuskure

Duk ɗan Sakkwato da ke zuwa Santambul sarin kaya ya san yadda kwanakin ke tafiya. Da safe Laleli, da rana Merter ko Osmanbey, da yamma ofishin kago ana auna kaya ana jayayya kan kilo, ka dawo otal ƙafa ta kumbura ka yi sallah ka faɗi. Sai ana gobe tafiya mutum ya farga ai shi bai ga komi a garin ba in ban da shaguna da kwalaye, sai ya ruga risepshan ya ce a samo mai yawon dare, bas da jirgin ruwa, ko nawa ne. To wanda ya ce "ko nawa ne" a garin da ba ya jin yarensu ai ya riga ya yanka ma kansa farashi.

Daren ƙarshe shi ne daren da bai kamata a saka yawo ba sam. Jiki ya gaji, kuɗɗi sun ƙare ko sun kusa, akwati ba a ɗaure ba, hankali rabi na wurin mai kago da bai turo rasit ba, ga filin jirgin da nisa, wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari, in jirginka na safe ne tun asuba za ka fita. Sannan ruwan nan ba kullum yake ba da haɗin kai ba, akwai ranar da hazo ke rufe mashigin Bosforus, ruwan da ya raba garin tsakanin Turai da Asiya, ko iskar kudu ta taso da ƙarfi a soke jirage, in daren ƙarshe ne shi ke nan ka yi asara, in dare na biyu ne sai ka ɗaga zuwa gobe. Ka saka yawon a dare na biyu ko na uku, kuma akwai wata riba a ciki, da zarar ka ga garin daga kan ruwa sai taswirarsa ta zauna ma a kai, ka gane ina ne Turai ina ne Asiya, ina tsohon gari yake ina Taksim take, sauran kwanakin ba mai tasin da zai zagaya da kai yana ce ma hanya ɗaya ce.

Sai maganar agogo, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu kuma ba a cika faɗinta ba. Turkiyya na gabanmu da awa 2, wannan kowa ya sani, waya ma da kanta take gyarawa. Abin da ba a lissafawa shi ne rana. Mu a Sakkwato magariba ba ta wuce tsakanin shida da 'yan mintuna zuwa bakwai da 'yan mintuna duk shekara, jikinmu ya saba, can kuwa a watan Yuni rana sai wajen 8:40 take faɗuwa, isha'i sai goma da rabi ko ma ta ɗan gota, a Disamba kuma kafin shida duhu ya yi. Jiragen cin abincin dare galibi wajen takwas da rabi suke tashi su dawo sha ɗaya da wani abu. Ka duba da kyau: in lokacin zafinsu ne, magariba za ta same ka ana cikin kwance igiya, isha'i ta same ka tsakiyar ruwa ana kiɗa, kuma ba kowane jirgi ne ke da wurin da za ka shimfiɗa sallaya ba, wasu ko wurin alwala na kirki babu. Haka wanda ya sayi tikitin bas na "dare" na ƙarfe bakwai a Yuli, rana tsaka zai yi yawonsa, fitilun da ya biya don ya gani ba a ma kunna su ba har ya sauka.

Gyaran mai sauƙi ne. Ka duba jadawalin sallah na garin na ranar kafin ka biya kowa, ba bayan ka biya ba. Ka fita da alwala daga otal, ruwan famfon masallatansu lokacin sanyi ba abin wasa ba ne. A Eminonu masallacin Yeni Jami na nan tsallaken titi daga bakin ruwa, a Uskudar kana sauka daga jirgi masallacin Mihrimah na kallonka, a Kabatash ma akwai masallacin Dolmabahce ɗan taku kaɗan, don haka wanda ya tsara fitarsa ya yi magariba a ƙasa sannan ya hau ruwa ba ya da matsala. Masu cewa "ai ni matafiyi ne" su tuna mu a karatun da munka tashi da shi wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ya fita daga hukuncin ƙasaru, kuma yawancin 'yan kasuwa mako guda suke yi. Maganar haɗa salloli a kan ruwa kuwa ka tambayi malaminka tun kana gida, kada ka bari sai kana tsaye kan jirgi kana neman fatawa a WhatsApp.

Yanzu tikiti. Mutane na ɗauka jirgin yawo iri ɗaya ne, alhali aƙalla iri uku ne kuma tazarar kuɗɗinsu ba kaɗan ba ce. Akwai jirgin haya na gari, na Şehir Hatları, wanda ma'aikata da ɗalibai ke shiga su tsallaka gida, da katin Istanbulkart ake shiga, katin nan dai da kake shiga tiram, jirgin ƙasan nan na kan titi, da shi, kuɗɗin ma bai fi na tiram da wani abin kirki ba. Akwai jiragen zagaye na awa ɗaya da rabi zuwa biyu da ke tashi daga Eminonu su je wajen gada ta biyu da ta tsallaka mashigin su juyo, ba abinci ba kiɗa, sai mai shayi na zagayawa. Sannan akwai na cin abincin dare da wasanni, shi ne mai tsadar, kuma shi ne wanda kowane mai risepshan da kowane mai riƙe da fasta a Sultanahmet zai tura ka, don a nan kamashonsa yake. Ba laifinsa ba ne, abincinsa yake nema, amma kai ma naka kuɗɗin ba tsintarsu ka yi ba.

Ni dai in za a ji tawa, wanda bai taɓa zuwa ba ya fara da na gari. Ka shiga daga Eminonu ko Karakoy zuwa Kadikoy, can ɓangaren Asiya, dab da faɗuwar rana, minti 20 da 'yan kai ne, ka zauna waje ka karɓi shayi a ɗan kofin gilashin nan nasu, fadar Topkapi da masallacin Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 duk za su jeru ma a bayanka ana kunna masu fitila ɗaya bayan ɗaya, in ka dace kiran sallah ya tashi daga ɓangarorin biyu kana tsakiya. Mai biyan ninki talatin a jirgin abinci bai ga abin da ya fi wanga ba, sau da yawa ma bai gan shi ba don shina ciki bayan gilashi yana fama da cokali mai yatsu. In abin ya yi ma, gobe ka hau na zagaye. Kuma kada ka yarda da farashin da wani ya faɗa ma ya biya bara, kuɗɗin Turkiyya sun sha faɗuwa 'yan shekarun nan, farashi na canzawa cikin watanni, ka je gaban tagar sayar da tikiti ka karanta da idonka. Mai tare ka a hanya ya ce jirgin gwamnati ya tashi ko yau ba ya aiki, ka ce mai to, ka ƙarasa tagar.

Jirgin abincin dare kuwa sai an zauna an yi maganarsa, don a nan kunya ke kama mutane. A takardar talla za ka ga an rubuta abinci da "wasannin gargajiya", sai Alhaji ya ce ai ba komi, ya kwashi Hajiya da ɗiya har da Inna da anka kawo ganin likita, a zauna teburi. Farko lafiya lau, masu rawar gargajiya maza da mata cikin tufafin kirki, wani lokaci har da masu juyin nan na darwishai. Can sai a rage fitila mai rawar ciki ta fito, kayan jikinta ba su taka kara sun karya ba, tana bi teburi teburi, wasu na liƙa mata kuɗɗi, daga nan a buɗe kiɗan disko har a dawo. To ina za ka? Ba kabu-kabu ba ne da za ka ce tsaya in sauka, kana tsakiyar ruwa, sai dai ka kwashi iyali ku hau sama ku zauna cikin iska har awa biyu. Kusan duk jiragen abincin dare haka tsarinsu yake, don haka tambaya ake tun kafin a biya, a fito fili a ce akwai rawar ciki ko babu, ana sayar da giya ko ba a sayarwa. Ko ka zaɓi tikitin da ba giya, wannan teburinka kaɗai ya shafa, na kusa da kai shina nan da kwalabensa. Akwai masu shirya na iyali da ba ko ɗaya, sai dai nemansu ake, ba su ne za a fara miƙo ma ba. In kuna da yawa, ku goma ko sha biyu, ku haɗa kuɗɗi ku ɗauki ƙaramin jirgi na awa biyu ku kaɗai, wani lokaci kan kowa bai kai na wancan ba.

Nama ba shi ne abin tsoro a Turkiyya ba, alade da wuya ka gamu da shi a gidan abinci. Abin sha ne abin tsoron. Suna da wata giya, raki, fara ce garau amma in an zuba mata ruwa sai ta koma fari tas, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ayran ne, wato kindirmon nan nasu mai gishiri da ake sha da nama. Kofi ya zo teburi ba kai ka ce a kawo ba, shinshina tukuna, raki ƙamshinta na da ƙarfi ba ya ɓoyuwa. Ka ce "alkolsuz", wato marar giya, ko ka nuna a waya, sun gane. Sannan kada ka zo da yunwar tuwo, abincin jirgi 'yan ƙananan faranti ne masu sanyi sai kifi ko kaza guda, ba yaji, mai hankali na ɗan taɓa wani abu kafin ya fito, a Eminonu ga masu burodi da gasasshen kifi nan bakin gadar Galata, kuma ɗan ƙullin yajinka a aljihu ba wanda zai kama ka.

Sanyi. Wanga kam ko an faɗa ba a ji sai an gani. Mutum ya fito daga garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, ya ciro shaddarsa mai sitati da hula da takalmi silifas don hoto ya yi kyau, ya hau saman bas marar rufi. Sanyin hunturunmu na Janairu da muke kunna wuta muna kakkarwa, a gefen iskar Bosforus wasan yara ne. Mashigin nan ruwa ne tsakanin Baƙin Teku da tekun Marmara, tsawonsa wajen kilomita 30, iska ta samu hanya tana bi ba abin da ke tare ta, kuma jirgi na tafiya yana ƙara mata ƙarfi. Daga Disamba zuwa Maris digiri na sauka ƙasa da 10, wasu shekarun har ƙanƙara ke zuba, amma ko a Yuli da rana ta gasa ka a Laleli, ƙarfe goma na dare kan ruwa sai ka nemi abin rufa. Abin da ke faruwa shi ne minti goma ana selfi, daga nan kowa ya gudu ciki ya manne da taga mai tururi, sauran yawon ya tafi a banza, gobe kuma mura da ciwon kunne a cikin jirgin sama.

Ba sai ka bar shaddarka ba. Sa dogon wando da riga mai kama jiki a ciki, safa da takalmi rufaffe, jaket a sama, kai da ke Laleli ma ai kayan sanyi sun fi komi arha a gabanka. Hula kuma ka riƙe ta ko ka cusa aljihu kafin a hau gada, ba ɗaya ba ba biyu ba sun tafi ruwa. Hajiya, mayafi marar nauyi sai da fil, hijabi mai faɗi kuma iska na cika shi, ki tattare ki zauna a kai, kuma ki kula da bakin abaya a matakalar bas da ta jirgi, ƙarfe ne kuma da danshi. Jarirai da tsofaffi a bar su ƙasa inda ke da rufi, a riƙa leƙawa da su.

Bas ɗin kansa, gaskiya ba shi ne gwanin Santambul ba. Gari ne na mutum sama da miliyan 15, daga biyar na yamma zuwa takwas goslo ne ko ina, wanda ya hau a wannan lokacin zai ƙare kallon bayan motoci ne yana shaƙar hayaƙi. Ranar da Beshiktash ke wasa a gida kuwa sai addu'a, filin ƙwallonsu na nan jikin fadar Dolmabahce, kan hanyar da bas ke bi zuwa gada. Lungunan tsohon gari ma bas ba ya shiga, tiram T1 da ke ratsa Aksaray da Laleli da Sultanahmet da Eminonu har Kabatash ya fi shi kai ka kusa da komi. Amfanin bas guda ne babba: tsallaka gadar farko a sama ba rufi, ruwa can ƙasa, fitilun gadar na canza launi, Turai a baya Asiya a gaba. Ba a barin masu ƙafa su bi gadar, don haka wagga dama ce da ba ka samu wata hanya cikin sauƙi. In za ka hau, hau bayan goslo ya lafa, ka tambaya ko zagayen dare na cikin tikitin yini ko daban ake biya, ka tambayi lokacin bas na ƙarshe, don masu sauka su ce za su ɗan zaga su hau na baya sau da yawa na bayan ba ya zuwa. Abin kunnen da ake ba ka kuma ka sa shi, akwai Turanci, galibi da Larabci, ba ado ba ne.

Wani kuskuren da ke tafiya da wanga: ɗaukar cewa yawon dare zai shigar da kai wurare. Ba zai shigar ba, daga waje za ka gani. Fadar Topkapi, inda ɗakin kayan amana yake da alkyabbar Manzon Allah (SAW) da takubban da ake jingina ma sahabbai, da rana ake shiga kuma ranar Talata a rufe take. Babbar kasuwar nan mai rufi tana tashi da yamma, Lahadi kuma ba ta ci. Masallatai bayan isha'i ana kullewa. Wanda ya zo da niyyar ziyara ya ware mata safiya guda.

A bakin ruwa kuma, Eminonu ba tasha ɗaya ba ce, tashoshi ne jere kowace da inda jirginta ke zuwa, haka Kabatash, haka Karakoy. Mutanenmu na ganin jirgi ya buɗe ƙofa sai su bi taro. Ka shiga na tsibiran Adalar bisa kuskure da dare ka ga ta kanka, fiye da awa guda ne zuwa kawai. Ka ɗauki hoton sunan tasharka yadda yake a rubuce da haruffansu ka riƙa gwadawa da allo, don yadda muke faɗin sunayen ba haka suke rubuta su ba. Lokaci kuma lokaci ne, in an ce 8:15 to 8:15 ƙofa ke rufewa, ba a san "ga shi nan tafe, alwala yake" ba. Ku da kunka zo a ƙungiya ku fi kowa kula, kullum akwai mutum guda da zai tsaya sayen caja. Masu jirgin abinci kan ce za su ɗauke ka daga otal, ka sani motar za ta zagaya otal otal ne, awa guda ko fiye kafin lokaci, in otal ɗinka na kan layin tiram gara ka kai kanka.

Wurin zama: jiragen zagaye galibi suna haurawa ta gefen Turai su dawo ta gefen Asiya, ka ga kenan wanda ya zauna hagu shi ke kusa da gaɓa zuwa da dawowa. Ka shiga da wuri ka kama hagu, waje, can baya inda jikin jirgi ke ɗan tare iska.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a dawo a tambayi mutum mi ka gani ya ce "wallahi fitilu, gari ya haɗu". Alhali tarihi ne ke wucewa gabansa. Doguwar farar fadar nan da za ka fara gani a hagu ita ce Dolmabahce, a 1856 sarakunan Usmaniyya sunka koma cikinta, a nan kuma Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ya rasu a 1938. Ɗan masallacin da ke zaune bakin ruwa ƙarƙashin gada shi ne na Ortakoy, gadar kuma an buɗe ta 1973, an canza mata suna zuwa gadar Shahidan 15 ga Yuli bayan yunƙurin juyin mulkin 2016. In kun kusa gada ta biyu, ta Fatih Sultan Mehmet ta 1988, za ka ga ganuwa da manyan hasumiyoyi sun hau tudu, Rumeli Hisari kenan, Sultan Muhammad Alfatih ya gina ta a 1452 cikin 'yan watanni, daidai inda mashigin ya fi ƙunci, wajen mita 700, ga wata tsohuwar ganuwa ta kakan babansa a tsallake, don ya datse duk wani agaji da zai zo ma birnin ta ruwa, shekara na zagayowa a 1453 ya ci garin. Ɗan Sakkwato da ya tashi yana jin labarin ribaɗi da ganuwa bai kamata a ce ya wuce wurin nan yana duba sitatus ba. A dawowa ga gidajen katako na bakin ruwa, ga fadar Beylerbeyi, can saman tudu ga masallacin Camlija da anka buɗe 2019 mai ɗaukar mutum 63,000, sai 'yar hasumiyar nan da ke tsaye ita kaɗai cikin ruwa kusa da Uskudar. Kuma garin ba baƙonmu ba ne can can, tun a shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Borno ke aika jakadu wurin Sultan Murad na uku. Karatun minti goma a otal ya isa ka san waɗannan.

Akwai kuma masu ƙin hawa gaba ɗaya don tsoron ruwa, kuma ban ga laifinsu ba, duk wanda ke jin labarin kifewar kwalekwale a Goronyo ko Wamakko ko Shagari kusan kowace damina dole gabansa ya faɗi. Amma jiragen gari na can manya ne na ƙarfe, masu hawa biyu ko uku, ɗaruruwan mutane ke shiga kullum su je aiki, rigunan ceto na nan a ajiye, kana shiga ka duba inda suke don hankalinka ya kwanta. Inda za a kula shi ne ƙananan jiragen da wani zai ja ka gefe ya ce zai yi ma rabin kuɗɗi, ka leƙa ka ga ko akwai rigunan, ka ga yawan mutanen da anka loda, in bai kwanta ma ba ka fasa. Girgiza kan zo ne in babban jirgin dakon kaya ya gitta, minti ɗaya biyu ta wuce. Mai saurin jiri ya zauna tsakiya a hawan ƙasa, ya kalli gaɓa ba waya ba, kada ya cika ciki da maiƙo. Yara kuwa hannu a hannu, musamman wurin shiga da fita, kuma ba a ɗora yaro kan ƙarfen gefe don hoto.

Hoton ma, kashe filash, ba zai haska gadar da ke nesa ba sai dai ya wanke fuskarka ya baƙanta bayan. Ta cikin gilashi kuma kanka za ka ɗauka. Mafi kyawun hoto na fita ne a 'yan mintunan bayan faɗuwar rana, sama ba ta gama duhu ba fitilu sun kama. Sanyi na shanye batir, zo da fawabank. Kiran bidiyo ga 'yan gida tun daga tashi har sauka, kana ihu "Yaya kina gani? kina gani?" netwok na yankewa, ita ba ta gani kai ma ba ka gani ba, ɗauki gajeren bidiyo ka tura in ka koma otal. Kuma kada a saita kamara kan matan mutane.

Saura komawa, wadda ba wanda ke tunaninta sai an sauka. Jirgin abinci na ajiye ku kusan sha biyu, tiram da yawancin jiragen ƙasa wajen nan suke tsayawa, jiragen tsallakawa ma na ƙarshe na da lokacinsa, wanda ya shantake a Kadikoy yana shan shayi sai ya koma ta gada da tasi, da kuɗɗin gadar a kansa. Ka tabbata da sauran kuɗɗi a katinka tun da rana. In tasi ce, a kunna mita kafin a motsa, ko ka kira ta manhaja don farashi da hanya su fito a waya. Wurin biya ka ɗaga takardar ka faɗi adadinta da baki kafin ka miƙa, akwai tsohuwar dabarar musanya 200 da 20 ko 50 da 5 a ce kai ka yi kuskure. Ka riƙe lira ƙanana, katin naira ba kullum yake amsawa a waje ba. Katin otal mai adireshi a aljihu, fasfo a aljihun ciki don 'yan sanda kan tambayi takardu musamman wajen Aksaray. A titin Istiklal da dandalin Taksim kuma, duk wanda ya tare ka da fara'a da "my friend" ko sallama ya ce zo mu sha wani abu a wurin abokina, ba shi haƙuri ka wuce, ƙarshenta bil ne da zai cinye kuɗɗin kagonka. Mai shushaina ya yar da buroshi a gabanka ma ba faɗuwa ya yi ba.

Masu tsayawa canjin jirgi na awa goma ko sha biyu su ce bari mu leƙa gari mu hau ruwa mu dawo: da fasfon Najeriya ba biza ba ka fita daga filin jirgi, ko yawon kyautar da Turkish Airlines ke shirya ma masu dogon jira sai wanda ke da izinin shiga ƙasar. A nemi bizar tun daga gida.

Sannan kabarin Abu Ayyubal Ansari, wanda kusan kowane ɗan Sakkwato ke tambaya, ba ya kan hanyar jirgin Bosforus ko kaɗan, duk abin da mai talla zai ce ma. Shina can ƙuryar Halic, wani reshen ruwa daban da ya shiga cikin gari ta ƙarƙashin gadar Galata, unguwar Eyup Sultan. Akwai jirgin gari da ke bin layin daga Karakoy, akwai kuma tiram daga Eminonu da ke bin gaɓar har can, da katin nan dai guda. Ka je da safe ko bayan azahar, Juma'a da Lahadi cika yake yi sosai.